Gemun auduga: sharhi kan wasan da muka kai ƙauye

Ƴan'uwana ɗalibai, bari in faɗi laifina tun kafin wani ya tona mini. Wasan da zan yi sharhi a kansa ina cikinsa. Ni na fito a matsayin tsohon, ni aka liƙa wa gemun auduga da ƙaro, kuma ni na sha tafi fiye da kowa. Saboda haka duk jifar da na yi a nan, a kaina za ta fara sauka. Wadda ta tsara wasan kuwa abokiyar karatuna ce, tun shekarar farko benci ɗaya muke zama. Na gaya mata zan rubuta wannan. Ta ce: "Rubuta mana, amma ka sa abin da na ce maka duka, kada ka yanke inda bai yi maka daɗi ba." Na yi mata alkawari, kuma za ku tarar da maganarta a gaba yadda ta faɗe ta.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu ne ɗaliban da ake horarwa don gobe mu koyar da zane, waƙa, kiɗa da teyatur a lakwal da gidajen matasa. A jami'a kallon ƴan wasa ake yi mana. Ɗan lissafi zai tambaye ka me kake karantawa, ka faɗa masa, ya ce: "To, wannan ma sai an yi bak?" A gida ma haka ne. Kawuna har yau malanta yake ce wa mutane ina karanta, sai ya tsaya nan, gudun kada a ce ɗan gidansu ya zama maroƙi. Na kawo wannan ne don ku san ba daga waje nake suka ba. Sana'ar nan ita na zaɓa, da ita nake fatan in ci abinci, shi ya sa nake jin ciwo in na ga muna yin ta yadda bai kamata ba.

A ƙarshen shekara aka tura mu istaj, mu tara, wani ƙauye a jihar Maraɗi, kwana goma sha biyu. Lakwal ɗin aji shida ne, uku na siminti, uku na zana. Aikinmu shi ne mu yi aiki da ƴan CM1 da CM2, ranar ƙarshe mu nuna wasa a gaban gari. Jigon tun daga birni aka ba mu shi: karatun ƴa mace. Wani porje ne ya biya kuɗin mota da na abinci, jigon ma nasa ne.

Ga yadda wasan yake. Wani tsoho yana da ɗiya mai ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Wani alhaji ya kawo masa kuɗi, sai ya cire ta daga lakwal ya yi mata aure. Mushe ya zo ya yi masa nasiha, ya kore shi da sanda. Madam ta zo, ya rufe mata ƙofa. Bayan shekara yarinya ta zo haihuwa, abu ya gagara, aka ɗora ta a amalanke zuwa gidan likita. Can lokotoro ya tsare tsohon ya yi masa bayani mai tsawo. Tsoho ya faɗi ƙasa yana kuka, yana cewa jahilci ne ya kai shi. Daga nan duk ƴan wasa suka fito suka riƙe hannu suka yi waƙar rufewa. Minti arba'in ke nan.

Kada in ci amanar aikin, akwai abin yabo a cikinsa. Abokiyata ta ƙi a kafa mana dandamali da bencina. Ta ce a yi da'ira a ƙasa kamar yadda ake zama kallon kokowa, ƴan wasa su riƙa shiga da fita ta cikin mutane. Wannan dabara ta yi aiki: lokacin da aka ratsa taro da amalanke, mata sun riƙa janye ƙafafunsu suna salati kamar da gaske ne. Waƙar rufewa ma ta zauna, don a kan karin waƙar gaɗa ta garin aka ɗora ta, yara suka kama ta a yini ɗaya. Sai kuma yarinyar da ta fito a matsayin uwa. Kalma huɗu ko biyar kawai aka ba ta, amma yadda ta zauna tana tankaɗe gari, ta juya wa mijin baya, ba ta ɗago kai ba har ya gama magana, ya fi duk jawabin lokotoro faɗin abin da ke cikin gidan. Ba mu muka koya mata wannan ba. A gida ta gan shi.

Matsalar wasan ta fara ne daga tsohon, wato daga ni. Mutumin nan ba shi da dalili ko ɗaya. Kuɗi ya gani ya sayar da ɗiyarsa, shi ke nan. Ba ya tsoron komai, ba ya tunanin komai, bai taɓa kwana da shawara ba. Na yi masa tafiyar agwagwa, na sa shi yana sosa ƙeya, yana riƙe takarda a juye. Mutane sun yi dariya sosai, ni kuma kaina ya kumbura. Da aka watse ina cire gemu a bayan aji, sai wani dattijo ya zo ya tsaya. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce:

"Ɗana, wasanku ya yi kyawo, mun yi dariya. Amma wanga tsoho naku, ɗan wane gari ne? Mu dai nan ba mu da mahaukaci irinai."

Na ce: "Baba, ai wasa ne, misali ne kawai."

Ya ce: "To, ga nawa misali. Ɗiyata ta gama nan bara. Kolej na ga tahiyar awa biyu da wani abu a ƙasa. Gidan wa za ta zamna? Wa za ya ba ta tuwo? In wani abu ya same ta can, ni za a zaga ko ku? In kun san gidan da za ni aje ta hankalina kwance, ku gwada mini, gobe in kai ta da kaina."

Wallahi ban sami abin ce masa ba. Na tsaya da rabin gemu a fuska ina ta "haka ne, Baba, haka ne". Shi ne mutumin da muka yi tafiyar nan dominsa, kuma wasanmu bai taɓa ko gefen rigarsa ba. Ya kalli tsohonmu ya ga wani can daban, ya yi dariya tare da kowa, ya koma gida da tambayarsa yadda ya zo da ita. A fish ɗinmu mun rubuta cewa burin wasan shi ne iyaye su canza tunani. Ta yaya mutum zai canza tunani don ya ga mahaukaci ya tuba?

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma sai da na dawo na gane shi. Ku saurari yadda aka raba harshe a wasan. Mushe, madam da lokotoro duk Hausar rediyo suke yi, suna yayyafa mata Faransanci. Tsoho shi kaɗai ke yin Hausar garin: "munka", "tahi", "hwaɗi". Ni kuma na ƙara mata gishiri, ina jan kowace kalma don a yi dariya. Yaran da ke zaune a gaba sun fi kowa ƙyalƙyalewa. Da me suke dariya? Da bakin iyayensu, da bakin da su kansu za su yi magana da shi in sun koma gida a daren. Iyayenmu suna ba mu labarin sambol, abin da ake rataya wa yaro a wuya in an kama shi yana Hausa a lakwal, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Muna jin labarin muna tsaki. Ga shi mu da kanmu mun je mun nuna wa yara cewa mai hankali ba ya magana kamar babansu, kuma da Hausa muka yi, ba mu ko nemi taimakon Faransanci ba.

Na uku shi ne uwar. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san maganar auren ɗiya ba ta ƙarewa a zaure. Uwa ke tara kayan ɗaki, kwano bayan kwano, sau da yawa da kuɗin tallan da ɗiyar ke yi. Ita ke jin habaicin maƙwabta a bakin rijiya. Goggo da kaka suna da bakin magana. Wasanmu ya ɗauke duk wannan ya zubar, ya bar namiji ɗaya mugu da mata marasa baki. Abin kunyar ma, da yamma muka sa lokacin gwaji, daidai lokacin daka da talla. Ƴan mata bakwai suka fara da mu, uku suka kai ƙarshe. Ba mu tambayi kowa dalili ba, muka rubuta a rahoto cewa iyaye ba su ba da haɗin kai ba. Wasan karatun ƴa mace ne fa, amma ba mu iya tsara lokacin da ƴa macen za ta samu zuwa ba.

Yanzu bari in ba ku labarin wasa na biyu, wanda ba ya cikin rahoto. Daren kwana na takwas, akwai farin wata, muna shan shayi a ƙofar ɗakin da aka sauke mu, sai muka ji ihun dariya daga dandali. Muka leƙa. Ashe mu ake yi. Wani yaro ya ƙera tabarau da ɓawon kara, ya riƙe guntun kwali, yana zagaya ƴan'uwansa yana cewa "objektif, objektif", yana kaɗa kai daidai yadda shugaban tawagarmu ke yi. Wata ta rataya tsohon buhu a kafaɗa a matsayin jaka, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ƙaya, tana tambaya ko ruwan nan an tace shi. Can sai ga wani ƙaramin ya hau kan amalanke, ya ɗaga takalminsa sama da hannu ɗaya, yana juyawa gabas da yamma yana "alo, alo". Ni ke nan ina neman rezo. Har yadda nake cije leɓe ya kwaikwaya.

In za a yi maganar sana'a tsakani da Allah, wasansu ya fi namu. Kowane ɗan wasa ya zauna ya kalli mutumin da yake kwaikwayo har ya kama abu ɗaya ƙarami wanda ba ya ƙarya. Sun san inda za su tsaya su bar dariya ta lafa kafin su ci gaba. Kayan wasansu kara ne da kwali da takalmi. Kuma akwai suka a ciki mai kaifi: baƙi sun zo daga birni suna tsoron ruwanmu, hankalinsu na can wani wuri. Mu da aka yi dominmu mun gane kanmu nan take, mun ji kunya, mun kuma yi dariya. Abin da muka kasa yi wa dattijon nan, yaran CM1 sun yi mana shi a minti goma.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ƴan Damagaram sun san wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da gwamna da manyan gwamnati, tafiyarsu da shigarsu da maganarsu, wani lokaci a gaban idonsu. Ga tashe da azumi, yara na bi gida gida suna kwaikwayon halayen manya. Teyatur ɗin Hausa na zamani ma a kan wannan tushe ya tsaya. Ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram, wanda shi ma malamin lakwal ne, ta riƙe mutane a gaban rediyo da tele shekara da shekaru. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta wasanni a bukukuwan matasa, kuma su ma saƙo suke ɗauke da shi, sau da yawa saƙon gwamnati ne ƙiri-ƙiri. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta fitar da littafi a 1987 kan teyatur ɗin Hausa a Nijar, ta nuna yadda ƴan wasan ke yarda da ƙashin labari tare, sannan kowa ya cika maganarsa da bakinsa a wurin gwaji. Nan nake ganin sirrin yake. In ɗan wasa shi ke nemo maganar mutumin da yake fitowa, dole ya nemo masa dalili, ko da mugu ne. Mu kuwa mun iso da takarda shafi goma sha ɗaya da aka buga a birni, muka ce yara su haddace.

Daga ina wannan hali ya zo mana? Ba daga abokiyata ba. Ita ta yi abin da aka koya mana, ta kuma yi shi da kyau, shi ya sa ta sami maki mai yawa. An koya mana cika fish: buri, kayan aiki, matakai, awo. Fish abu ne mai amfani, malamin da ya shiga aji ba shiri ɓata wa yara lokaci yake. Amma a fish ɗin da aka auna mu da shi akwai gurbin "saƙo ya fita sarai?", babu gurbin "mutanen cikin wasan suna da rai?". Babu inda aka tambaye mu me muka tarar a garin. Da haka a hankali muka ɗauki fasaha kamar jaki, aikinta ɗaukar kaya: yau allurar rigakafi, gobe wanke hannu, jibi dashen itace. Duk kaya ne masu kyau. Sai dai jakin da ba a ba shi ci, wata rana a hanya zai kwanta. Kuma kada mu ruɗi kanmu, akwai maganar kuɗi a ciki. Duk mun san wanda ya iya haɗa wasan faɗakarwa cikin kwana uku shi porje ke kira, shi ke samun ƴan jikkunan da za su kai shi ƙarshen wata in bursi ta yi jinkiri. Ni ma na ci irin wannan kuɗi, ba sau ɗaya ba.

Ga kuma abin da ke jiran mu a lakwal. Kowa ya tuna yadda awar zane da waƙa take a firamare: ita ce ta ƙarshen yini, ita ake fara cinyewa in jarabawa ta matso. Mushe ya zana mangwaro a tabulo, yara sittin su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na mushe shi ya ci. In muka fita da tunanin cewa fasaha kwafa ce da haddar saƙo, wannan awar za mu je mu gada, mu miƙa ta ga na bayanmu yadda muka same ta.

A aji an karantar da mu tarihin zanen Turai da teyatur ɗin Girka, kuma ban raina wannan ba, na ƙaru da shi. Amma ban taɓa yin yini ɗaya wurin maginan da ke zana bangon gidajen Birni a Damagaram ba, ko masu ginin tukwane na Mirya, ko dukawa. A gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai masu sana'ar hannu na zaune suna aiki kullum, mu kuwa sai in baƙo ya zo muke raka shi can. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964, yana sukar makarantar da ke raba yaro da harshensa da rayuwar mutanensa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Maganar ta tsufa ke nan, ta girmi iyayen wasunmu. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na marigayi Malam Mamman Barka. Malamin lakwal ne, ya yi suna da gurumi, ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Duk da haka a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage mai kaɗa biram na Buduma, ya zama almajirinsa. Da bai yi haka ba, da kiɗan ya bi tsohon kabari. Mu da ko digiri ba mu karɓa ba, mun shiga gari kwana goma sha biyu ba mu tambayi wa ke kiɗa a garin ba.

To, ga maganar abokiyata, kamar yadda na yi alkawari. Ta ce: "Kai namiji ne, shi ya sa kake da lokacin tausaya wa tsoho. Yayata tana da shekara goma sha huɗu aka cire ta, kuma babanmu ma yana da dalilai, kullum akwai dalilai. A ƙasar nan kusan ƴa mace uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su kai sha takwas. Ka ba tsohonka dalili mai kyau, duk mazan da ke wurin su gyaɗa kai su ce ai gaskiyarsa, su tashi da ƙarfin gwiwa. Ni ba dattawa na yi wa wasan ba. Yarinyar da ke zaune a gaba na yi wa, don ta ji sau ɗaya a rayuwarta an faɗa a bainar jama'a cewa abin da za a yi mata zalunci ne. Kuma wannan al'adar da kake yabo, ita ce ta ce ɗan mutunci ba ya kiɗa, ita ce ke hana budurwa fitowa gaban maza. Kada ka mayar mini da ƙauye aljanna."

Maganarta ta ƙarshe na karɓe ta duka. Gaskiya ne, garin da ya haifi yaran nan masu basira shi ne zai ce musu su bari in sun girma. Akwai iyayen da ba su son kiɗa ko zanen mai rai saboda addini, kuma malamin fasaha da bai shirya wa wannan ba zai sha mamaki. Sai ya san zayyanar allo, da zanen hula da na bango, da rubutacciyar waƙa, ya san ta ƙofar da zai shiga ba tare da ya raina kowa ba. Na kuma yarda cewa yarinyar da ke gaba tana da haƙƙin ta ji an kira zalunci da sunansa, kuma ni ban isa in gaya wa wadda aka yi wa yayarta haka yadda za ta ji ba.

Inda muka rabu shi ne nan. Ba wa mutum dalili daban, wanke shi daban. Yarinyar nan ta san babanta ba mahaukaci ba ne. Ta san yana son ta, ta ga ya sayar da akuya ya saya mata magani. In muka nuna mata cewa mugaye kaɗai ke cire ɗiya daga lakwal, ranar da baban da ke son ta ya zo da maganar, ba ta da abin riƙewa, don wasanmu bai taɓa nuna mata irin wannan rana ba. Abin tsoron ai shi ne mutanen kirki ke yin abin, da hankalinsu, suna ganin kariya ce. Wasan da zai amfane ta shi ne wanda zai sa uban ya ga kansa, ya ji dalilansa a bakin wani, sannan ya ga inda dalilan suka kai ɗiyar.

Da za a sake ba ni dama, ga fitowar da zan so mu gina. Dare ne, uba da uwa na zaune, yara sun yi barci. Yana lissafin tiya nawa ta rage a rumbu. Tana gaya masa abin da aka faɗa a bakin rijiya kan ɗiyar wane da aka kai birni karatu. Ya ce mushe ya ce yarinyar nan tana da kai. Ta ce kai ba ya hana magana. Ya ambaci wani ɗan'uwa a garin da kolej yake, ta tuna masa yadda matar gidan ke mayar da ɗiyan mutane bayi. Babu mai ɗaga murya. A bayan zana kuwa ɗiyar na kwance ido biyu, tana jin komai. A nan sai a tsayar da wasa, a juya ga taro a ce: to jama'a, ya za su yi? Na tabbata dattijon nan da ya tare ni zai yi magana, matan da ke baya ma za su yi. Wataƙila a tashi da maganar wa zai riƙa raka yara, ko wace tsohuwa ce a can za a amince a ajiye su wurinta. Wataƙila kuma a tashi da gardama kawai. Ko gardamar ce, ta fi tafin da na sha.

Abin da nake roƙo ga masu tsara mana istaj, da mu kanmu, ba shi da tsada. Kwanakin farko a hana mu koyar da komai. Mu zauna dandali, mu je bakin rijiya, mu rubuta waƙoƙin gaɗa da wasannin da yara ke yi, mu san wa ke kiɗa, wa ke saƙa, wace tsohuwa ta fi iya tatsuniya. A gayyaci ɗaya daga cikinsu aji a matsayin malami, a kuma biya shi daga kuɗin da ake ba mu, don in kyauta ya zo yara za su gane ba a ɗauke shi malamin gaske ba. Labarin wasa ya fito daga bakin yaran, mu namu shi ne tambaya da gyara. Lokacin gwaji a tambayi uwaye kafin a sa shi. A fish kuma a ƙara gurbi ɗaya: me ka koya a garin da ba ka sani ba? Wanda ya bar shi fayau a rage masa maki.

Gemun audugar yana nan cikin jakata, ƙaron ya bushe, ya yi ja da ƙura. An ce a baɗi za a sake kai wasan wani gari, kuma an riga an tambaye ni ko zan sake fitowa tsohon. Na ce zan fito in an bar shi ya yi maganar kolej da masauki, in kuma an bar ni in yi Hausarsa ba tare da na ja ta don dariya ba. Abokiyata ta ce za ta duba, amma ita ma da sharaɗinta: fitowar amalanke ba za a taɓa ta ba, kuma kalmar ƙarshe ta ɗiyar ce. Na yarda. Har yanzu ba mu daidaita kan yadda wasan zai ƙare ba. Ta ce za ta mayar mini da amsa a rubuce a fitowa ta gaba, kuma duk wanda ya yi irin wannan istaj a Tawa ko Damagaram ko wani wuri, ya ga abin da ya saɓa wa nawa, shi ma ya kawo nasa a buga.